Rabin Albashi Ba Ya Raino

Tudun Wada, Zariya.
Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga Ladidi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki kun isa Kaduna lafiya, ke da mijinki da 'yar jaririyarki. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da na mutum, ya ƙara miki ƙarfin jiki.

Za ki yi mamakin tsintar takarda a jakar kayan jaririya, alhali bango ɗaya ya raba ɗakina da naki, kuma yau kwana ashirin da shida muna cin tuwo tukunya ɗaya. Bakina ne ba zai iya faɗin abin da ke cikinta ina kallon idonki ba. Shekara talatin ina bin littattafan 'ya'yan mutane da jan biro, yau kaina zan yi wa gyara.

Labarin gida ba zan ba ki ba, daga cikinsa kika fito. Magana ɗaya ce. Kin zo wankan gida na haihuwar fari, ga shi gobe za ki tafi ba ki yi arba'in ba, don ki koma aiki ranar Litinin, alhali da sauran hutunki da yawa. Na tambaye ki dalili, kika ce rabin albashin da kamfanin magungunan nan ke ba mai jego ba ya kai ku tsakiyar wata, in kin koma za a cika miki. Jaririya kuma za ki riƙa barin ta wurin maƙwabciya da madarar gwangwani. Sannan kika nuna mini takardar nan a wayarki, wadda matan wurin aikinku suka rubuta suna neman a riƙa ɗaga kuɗin hutun haihuwa duk lokacin da kaya suka tashi, za su kai wa shugabannin kamfani da ƙungiyar ƙwadago. Kika ce ke ba za ki sa hannu ba, kada a sa miki ido. Na yi shiru, kika ɗauka na yarda. To ban yarda ba, raina a ɓace yake, kuma rabin ɓacin ran da kaina nake yi, domin hanyar da kike shirin bi ni na share miki ita.

Lokacin da na haife ki ina koyar da 'yan aji biyu a wata makarantar kuɗi nan Tudun Wada. Bayan suna da mako biyu mai makarantar, wani Alhaji mai yawan fara'a, ya aiko in zo. Na zumbula hijabi na tafi da ɗumin ruwan wanka a jikina. Ya miƙo mini ambulan ya ce, "Ga naki, Malama Hajara, rabi, kamar yadda doka ta ce. Wasu makarantun ko sisi ba sa bayarwa." Sai ga ni a ƙasa, gwiwa biyu, ina zuba godiya kamar wadda aka biya wa kujerar Makka. Allah ya ƙara arziki, Allah ya ƙara girma, Allah ya bar zumunci. Ina fitowa na yi kiciɓis da Madam Ngozi, malamar aji huɗu, haifaffiyar Sabon Gari wadda ta fi ni iya zagi da Hausa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Hajara, me ya kai gwiwarki ƙasa? Kyauta ya ba ki?" Na ji haushinta ƙwarai a ranar, na ce a raina matar nan ba ta da ladabi.

Ita ce da gaskiya. Kuma rabin ma ba rabin abin da nake ɗauka duk wata ba ne. Ki lura da wannan, don na san haka ake yi muku. Albashinmu kashi biyu ne, akwai gundarinsa, akwai alawus. In kaya sun tashi malamai sun fara ƙorafi, sai a ƙara alawus na mota ko na abinci, a bar gundarin yana barci inda yake. Ranar da mace ta haihu sai a cire alawus gaba ɗaya, wai ai ba ta hawa mota, a raba gundarin biyu a miƙa mata. Kuɗin makaranta kuwa duk shekara sai ya tashi, ni nake raba wa yara takardar su kai wa iyayensu. Ki gaida na gaba da ke, ki girmama shi, haka na tarbiyyantar da ke kuma ban janye ba. Amma haƙƙi ba a yi masa godiyar sadaka. In kin durƙusa a kan abin da yake naki, kin koya wa mai bayarwa cewa alfarma ya yi miki, gobe kuma ya ga damar ragewa.

A zaman nan dai, kafin in tashi daga durƙuson, Alhaji ya yi mini tambaya. Ya ce, "Yaya jaririyar? Za ki iya dawowa farkon wata, ko tana buƙatarki tukuna?" Ƙofa ce ya buɗe mini da kansa. Da na ce tana buƙatata, da ba shi da ta cewa, hutuna ne. Amma ke 'yar fari ce. Kin san al'adarmu, uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ko nono za ta ba shi sai an yi ta fama da ita tana noƙewa. Ta yaya zan buɗe baki a gaban namiji, babba, in ce 'yar fari tana buƙatata? Na sunkuyar da kai na ce, "Ai tana wurin kakarta, Alhaji." Ya ce madalla, ya rubuta. Na koma aji ranar da kika cika kwana talatin, ciki ɗaure da tsohon zane, nono yana jiƙa mini riga ina karewa da littafin rajista. Abin da ya cece ki shi ne makarantar tana bayan layinmu. Ana buga ƙararrawar tara nake rugowa gida in shayar da ke a bayan ƙofa, kada Inna, kakarki, ta ga ina kallon fuskarki.

Kunya ado ce, ban ce ki yar ba. Ki yi ta a gaban surukanki, ki yi ta a gidan biki. Amma kada ki shiga ofis da ita, don can ba a san darajarta ba, rubutawa ake yi a ce kin amince. Na ga kin fara irin tawa. Shekaranjiya da Gwaggonki Asabe ta miƙo miki yarinyar a gaban 'yan barka, kika kau da kai kamar an miƙo miki garwashi, mata suna ta yaba miki. Ni ban yaba ba. Kin tashi kina kirana Malama kamar sauran 'yan aji, ni kuma ina ce miki Ladidi don an haife ki ranar Lahadi, shekara ashirin da takwas sunanki bai taɓa fita daga bakina ba. Bilkisu. Ga shi na rubuta, rufin ɗakin bai faɗo ba. Ina son ki, Bilkisu, tun ranar da ungozoma ta ɗago ki, kuma na yi asarar shekarun da na yi ina ɓoyewa.

Kina shekara huɗu kaya suka yi wani irin tashi, har mudun masara ya zama abin da ake zance a gidan makoki. Wata rana da tara muna zaune gindin darbejiya muna cin ɗanwake, sai Madam Ngozi ta zaro takarda daga jakarta. Kusan irin taku ce. A lissafa kuɗin jego da alawus a ciki, kuma duk shekarar da aka ƙara kuɗin makaranta a ƙara shi. Ta miƙo mini biro ta ce, "Ke ce ta farko, Hajara, ke kika fi mu haihuwa a gaba." Na ce mata sai na tambayi Malam. Ban tambayi babanki ba. Ko da wasa ban kai masa zancen ba, na dai laɓe a bayansa ne don na san ba za ta matsa wa matar aure a kan umarnin mijinta ba. Kullum ta tambaye ni sai in ce bai ba ni amsa ba tukuna, har ta gane ta daina. Da sauran suka ga ban sa ba, su ma suka janye jiki. Ƙarshen zango aka ba ta takardar sallama, wai an rage ajujuwa. Na tsaya a tagar ajina ina kallonta tana ɗaure littattafanta a bayan acaɓa. An ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, sai dai ni da ruwana har wuya, domin a lokacin ina da cikin wata biyu kuma na sani.

Har yau tana nan, tana da shagon kayan rubutu a Kongo. In na bi ta wurin sai ta taso ta rungume ni ta tambayi Ladidi, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Don haka in matan wurin aikinku sun miƙo miki biro, kada ki ce sai kin tambayi mijinki alhali tsoronki ne yake magana. Ki tambaye shi da gaske, a fili. Yaron nan mai hankali ne, na ga yadda yake duban 'yarsa. In tsoro kike ji ki ce tsoro nake ji, sannan ki sa hannun kina jin tsoron.

Za su faɗa miki maganganu, bari in riga su. Za a ce ciyarwa a kan miji take, me ya kai mace jayayya a kan kuɗi. Gaskiya ne a kansa take, addini ya faɗa kuma ban musa ba. To shi mijin a wace kasuwa yake cefane? Akwai wata kasuwa ta daban da aka ware wa mazan masu jego? Kuma kuɗin nan ba na ciyarwa ba ne, na guminki ne, kin yi aikin da cikin wata tara kina tsaye a bayan kanta. Za a ce doka rabi ta ce. Doka ta ce kada a gaza rabi, ba ta ce haramun ne a wuce ba. Ita dokar ma mutane suka zauna suka rubuta ta, ba saukar da ita aka yi ba, kuma ina tabbatar miki babu mai jego a cikinsu ranar da suka rubuta. Rabin da ya sayi buhu jiya, yau tiya yake saye. Itacen wankan da babanki ya sayo kina da cikin wata bakwai da wanda ya ƙaro makon jiya kuɗinsu ba ɗaya ba ne, alhali mai itacen ɗaya ne, kurar ma ɗaya ce. Je ki Gyallesu ki ce wa mahauci ke mai jego ce ya yanka miki ƙauri a rabin kuɗi, ki ji abin da zai ce miki. Mai keke ma bai san rabi ba. A lokacin da bakin gida ya ƙaru, ga magani, ga sabulu, ga ruwan zafi safe da yamma, a lokacin ne aka ga ya dace a rage.

Za a kuma ce in aka matsa, kamfanoni za su daina ɗaukar mata. Wannan ita ce barazanar da ta fi tsufa, da ita aka rufe mana baki. Ban ce kowane mai kamfani azzalumi ba ne. Na san mai ƙaramin shago shi ma yana kuka da kuɗin mai da na wuta, shi ya sa nake ganin gwamnati ta ɗauki wani kaso na nauyin, tunda yaran da muke haifa ita ke ƙirga su ranar zaɓe. Yadda za su raba nauyin a tsakaninsu, su zauna su san shi, aikinsu ne. Abin da na ƙi shi ne a ce duk ƙasar nan an rasa wanda zai ɗauki tsadar rayuwa sai jaririn kwana ashirin.

Sauran maganar ita ce mai nauyi, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Kina tuna ƙaninki Abdullahi, ko da dai kaɗan. An ce miki ƙyanda ce ta kashe shi. Ni na faɗa miki haka, kuma ƙarya na yi. Cikin nan da nake da shi ranar da aka sallami Madam Ngozi, shi ne. Kafin in haihu da wata ɗaya acaɓa ya kaɗe babanki ya karya masa ƙafar dama. Tela da karyayyiyar ƙafa, keken ɗinki ya tsaya cak. Inna ta riga ta rasu. Makarantar kuma ta tashi daga bayan layinmu ta koma sabon gini can gaba da Gyallesu, babu zancen rugowa gida da tara. Aka kawo mini ambulan, rabin nan dai na shekara huɗu da suka wuce, ko ƙwandala bai ƙaru ba. Kwana goma ya ƙare. Wannan karon babu wanda ya aiko kirana, da ƙafata na je na roƙi a bar ni in dawo aiki. Abdullahi yana da kwana ashirin da uku.

Na bar shi wurin wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mutuniyar kirki, da bulumboti da gwangwanin madara. A jikin gwangwanin an rubuta yawan cokalin da za a zuba. Na iya karatu, ni malama ce, ba zan ce rashin sani ba ne. Amma na duba gwangwanin na duba kwanakin da suka rage a wata, sai na ce wa tsohuwar ta riƙa rage cokali ɗaya ta ƙara ruwa. Da wata ya yi nisa na ce ta rage biyu. Nonona kuma ya fara janyewa, don wuni nake ba a sha ba, ga shi ni kaina ba ƙoshi nake ba. Yaron ya daina kuka mai ƙarfi, na ce ai haƙuri ne da shi. Mata suna cewa kai, wannan yaro bai da rigima, ina jin daɗi. Sai gudawa ta kama shi. Kafin mu farga maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun zurma. Ranar da jikin ya tsananta ina aji ina koya wa yara jadawalin sau uku, aka aiko. Mun kai shi asibiti da azahar, kafin la'asar ya cika. Bai kai wata uku ba.

Masu gaisuwa suka ce kwana ya ƙare, sai haƙuri. Na yarda, rai na Allah ne, ko a ƙirjina yake in lokacinsa ya yi zai tafi. Ban taɓa jayayya da ƙaddara ba. Amma cokalin nan da hannuna na rage shi, kuma abin da ya sa na rage shi mutane ne suka tsara shi a kan takarda, ni kuma aka miƙo mini biro in ce a gyara na ƙi. Alhaji ya zo gaisuwa da buhun shinkafa, har da hawayensa, kuma na san na gaskiya ne. Na dubi buhun na ce a raina, da kuɗinsa aka ƙara mini a ambulan. Shekara ashirin da huɗu ke nan ban iya jin ƙarar cokali a cikin gwangwani ba tare da gabana ya faɗi ba. Da kika aika a sayo miki madarar nan jiya kina gwada bulumboti, bayi na shiga na yi kukana na wanke fuska.

Ɗazu da hantsi na sami babanki a shago na ce masa zan faɗa miki. Ya daɗe ƙafarsa a kan keke bai taka ba, sannan ya ce, "Ki faɗa mata duka, Hajara. Ki ce har da ni, don ina kwance ina ganin ruwan madarar ya yi tsararo, ban ce komai ba."

To kin ji. Ba don ki tausaya mana na faɗa ba, don ki ji tsoron abin da ya kamata a ji tsoro ne. Ke tsoron a sa miki ido kike yi. Ido ba ya kisa, Bilkisu.

Ga abin da nake so. Ranar Litinin ki shirya, ki goya 'yarki, ki je kamfanin. Ki gaida kowa da ladabi. Ki nemi matan nan ki sa hannu a takardarsu, sunanki cikakke, da rubutu mai kyau irin wanda na koya miki, ba irin na likitoci ba. Sannan ki faɗa wa shugabanku hutunki bai ƙare ba, sai ya ƙare za ki dawo. Kada ki ba da haƙuri, ba laifi kika yi ba. Daga nan ki koma gida ki shayar da yarinya. Abin da za ku ci kuwa, ki duba bayan mota, babanki ya sa masara da wake, na ƙara da kuka da daddawa da yaji. Ba za su kai ku ƙarshen hutu ba, na sani. In sun ƙare ki yi magana, kada ki yi mini irin shirun da na yi. Ranar Asabar ina tafe da garwata da ganyen darbejiya in ƙarasa miki wankanki. Matan unguwa za su ce Malama Hajara ta tare a gidan suruki, su faɗa, bakinsu ne.

Ban yi miki alkawarin za ku yi nasara ba. Mai yiwuwa a karɓi takardar a jefa a durowa. Mai yiwuwa a yi miki irin ta Madam Ngozi, a ce an rage ma'aikata. In haka ta faru, ɗakinki yana nan, tukunyarmu tana nan. Gara in ciyar da 'yar da aka kora daga aiki shekara goma, da in sake tsayawa a zaure ina kallon an fita da jariri naɗe a tabarma.

Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki. Allah ya ba ki bakin magana a inda na rasa nawa, ya sanya tausayi a zukatan waɗanda za ki tsaya gabansu. Allah ya jiƙan Abdullahi, ya yafe mana ni da babanki. Allah ya wadata nononki, ya raya yarinyar nan ta ƙoshi a ƙirjinki har ranar yaye. Ki gaida mijinki.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara.